Dashen Shinkafa a Gaban Kwamiti

Gwadangaji, Birnin Kebbi
4 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Atiku,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba, ya aikin fadama? Ina fata matarka Baiwa da yara suna lafiya.

Yaya, bakina ya jawo mini. Ka san an sa ni a kwamitin tsara manhajar darasin noma ta sakandare. Na kafe cewa rabin darasin a gona za a yi shi, domin ɗalibin da ya haddace sunayen taki amma bai san warinsa ba, bai koyi komai ba. Shugabanmu, Mista Simeon, mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. A ganinsa iyaye sun kawo 'ya'yansu makaranta ne don su rabu da fartanya, jarrabawa kuma a takarda ake yin ta.

Da musu ya yi zafi, sai na hau cika baki cewa ni 'yar manomin Argungu ce. Shi ke nan fa! Ya yanke cewa ranar Asabar kwamiti zai zo fadamarmu in nuna dashen shinkafa. In ya gamsu, babin da na rubuta kan aikin gona ya tsaya. In bai gamsu ba, a cire.

Kai ka sani ƙafata ba ta taɓa shiga laka ba, Baba ya hana, wai ni ta boko ce. Wallahi tsoro nake ji, ko abinci na kasa ci.

Ƙanwarka,
Mansura

11 ga Fabrairu

Yaya Atiku,

Ina gaisuwa, ya gajiyar baƙi?

Na gan ka kana danne dariya lokacin da nake cusa irin a laka har wuya, Baba na bin bayana yana tugewa yana sake dasawa. Allah ya kai mu ranar ramuwa.

Jiya Mista Simeon ya yarda a bar babin a cikin manhajar. Ya ce in mai digirin noma, 'yar manomi, ta kasa dasa layi ɗaya, to tsohon tsarin ne da laifi. Har ya ƙara cewa malamai za a fara kaiwa fadama kafin ɗalibai.

Amma ban yi murna ba. Baiwa ta ce tun ranar Baba yake faɗin shi ya kunyata ni a gaban mutane, garin nema mini hutu. Ka gaya masa ban riƙe shi ba. Ka kuma roƙa mini fangali ɗaya a wurinsa, ɗan yankin gonar shinkafa, da Asabar ɗinsa don ya koya mini dashe. Ni na kasa kallon idonsa.

Ƙanwarka,
Mansura