Na Goge Aikin Adaugo, Na Ce Wuta Ce

Malam Musaddiq, don Allah ka taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni. Ina aiki a wata cibiyar koyon kwamfuta a Laranto. Bara na matsa wa mai wurin, Oga Pam, sai da ya yarda na haɗa sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da aikin kowa, mai faifan ajiya na zamani, SSD, zalla, domin tsohuwar tana jan ƙafa idan ɗalibai goma sha biyu suka kunna kwamfutocinsu da ke cikinta, waɗanda muke kira VM. Na sa SSD huɗu, biyu-biyu suna kwafar juna. Sauri kuwa ba a magana. Oga Pam ya ce in bar tsofaffin faifan nan masu juyawa don ajiyar ko-ta-kwana, na ce ai zamaninsu ya wuce, na cire su.

Makon jiya wurin ajiya a sabar ya cike, na goge wata VM da na ɗauka tawa ce ta gwaji. Ashe ta Adaugo ce, ɗalibarmu, aikin kammalawarta na wata uku yana ciki. Ban ma razana ba da farko, don na sha dawo wa mutane da abin da suka goge. Wannan karon wayam. Da ta tambaye ni, na ce ɗauke wuta ne ya jawo. Ta ce ba komai, har tana yi mini sannu da wahala. Wannan sannun ne ke ci na. Saura sati biyu ta gabatar da aikin. In faɗi gaskiya, ko in bar maganar a haka?

Mai nadama, daga Rikkos

*

Ɗan'uwana, mutane da yawa suna ɗaukar faifai biyu masu kwafar juna a matsayin ajiya. Amfaninsu ɗaya ne: idan guda ya mutu, ɗayan ya riƙe aiki. Amma abin da ka goge a wannan, nan take ya gogu a wancan. Kuma SSD ba ta barin sawu kamar tsohon faifai. Akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke sa ta share gurbin abin da aka goge. Ƙwarewarka ta da ce ta yaudare ka.

Haɗa sabar ba laifi ba ne, kuma na yaba da himmarka. Na kuma san kana tsoron zubewar girmanka a idon Oga Pam. Sai dai kowace rana da ka yi shiru, daga sati biyun Adaugo kake yanka. Ka same ta gobe da safe, ka ce kai ka goge da hannunka. Sannan ku je wurin Oga Pam tare, ka roƙa mata ƙarin lokaci. Ba zai ba da shi a kan ƙarya ba. Ku duba imel ɗinta da filashinta da wayarta, sau da yawa ana tsintar guntayen aiki a can. Ka zauna da ita har ta sake gina sauran.

Tsofaffin faifan kuma, ka kakkaɓe musu ƙura, ka sa su a wata na'ura daban, su riƙa ɗaukar kwafi kullum. Kafin ka ce wa kowa an gyara, ka ƙirƙiri VM ta banza, ka goge ta da gangan, ka dawo da ita daga ajiyar da hannunka. Ka bar Adaugo ta tsaya ta gani.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ba ta sa'a.