Ƙauyen da Zakara Ba Ya Cara

Yaya Salamatu,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Mu nan Faskari da sauƙi.

Makon jiya na koya wa 'yan ajina adon harshe a insha'in Turanci. Wata ɗalibata, Hauwa'u, ta rubuta cewa ƙauyensu ya yi tsit, ko zakara ba ya cara. Na yaba mata, na ce kambamawar ta yi kyau. Sai ta ce, "Malama, ba kambamawa ba ce. Mun yanka su duka, kar mutanen daji su san da sauran jama'a a garin."

Yau kwana biyar ba ta zo makaranta ba.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wasiƙar nan.

Ƙanwarki,
Binta