Na Ƙona Ƙarshen Labarin 'Yata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba, ni kuwa abin yana ci mini rai.

Ni tela ce, shekarata arba'in da uku, ina da ɗan shago da kekuna biyu masu aiki da lantarki. Ina da 'ya mai shekara goma sha biyar. Tun tana ƙarama babanta ya laƙaba mata Lauya saboda surutu da gardama. In ta dawo daga makaranta, kafin ta cire takalmi na riga na ji wadda aka kora daga aji da wadda ta yi kuka. Har roƙonta nake yi ta bari kunnena ya huta.

Bara ta fara shigowa da littattafan matasa masu ban tsoro, irin masu bango baƙi ƙirin da hoton hannu a jikin taga. Ban kula ba sai da sakamakon jarrabawa ya fito, na ga lissafi ya yi ƙasa, malamarsu kuma ta ce mini ana tsakiyar darasi take rubuce-rubuce a ƙarƙashin tebur. Ranar dama na kwaso haushin wata da ta ce na ɓata mata yadi. Na faɗa ɗakinta tana ciki, na kwashe littattafai shida. Sai na ga wani littafin rubutu mai kauri a ƙarƙashin matashi. Na ɗauka, ta riƙe, na ja, ta ja, ya rabe gida biyu daga ɗinkinsa. Rabin da ke hannuna na fita da shi kicin na jefa a wuta, yana ci tana kallo. Ko hawaye ba ta yi ba. Ta ɗora nata rabin a kan sauran littattafan, ta ce in haɗa da shi.

Na zuba su a leda na kai shago da niyyar in ƙona su tare da ƙyallaye, na cusa ƙarƙashin teburin yanka, na manta. Bayan wata biyu aka ɗauke wuta da rana tsaka, ga zafi, ga ba abin yi. Na jawo ɗaya don in yi fifita, sai idona ya faɗa kan shafin farko. Anti, wallahi ban san an dawo da wuta ba sai da maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo ya ce fanka tana juyawa tun ɗazu. Zaburar da na yi har almakashi ya faɗi ƙasa.

Cikin mako uku na gama da shidan, ni da rabona da littafi tun ina makaranta. Yanzu wurin wani mai tsofaffin littattafai nake zuwa a bakin tasha, in ce 'yata ce ta aiko ni. Har gaisuwa yake ba ni in kai mata, wai yarinyar ta iya zaɓe. A akwatin zare nake ɓoye su. Na taɓa ɗinke wa wata mata bakin hannun riga ruf, saboda a labarin da nake karantawa na bar wasu yara a kulle a ɗakin karatun makarantarsu, hankalina yana can. Ina son yadda gabana ke faɗuwa, tsigar jikina ta tashi, in manta da ciwon gwiwa da masu cewa gobe-gobe suke son kayansu. Kuma na lura, a kusan kowane ɗaya yara ne ke ganin abu, manya su ƙi saurarensu.

Sai makon jiya na karanta rabin littafin rubutun nan. Ashe labari ne, nata, da ɗan rubutunta mai karkacewa. Wata yarinya ce sunanta ya ɓace daga rajistar aji, kullum gari ya waye sai a ƙara samun mutum ɗaya da ya manta da ita. Malamarsu ta fara, sai mai gadin makaranta, sai aminiyarta. Ba don ni na haife ta ba, ya fi wasu da na saya kama zuciya. A shafin ƙarshe yarinyar ta ruga gida ta buga ƙofa, uwarta ta buɗe, ta dube ta, ta buɗe baki za ta yi magana. Nan takardar ta yage. Sauran ni na ƙona shi da hannuna. Na zauna a kan keke na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

A gida kuwa lissafi ya gyaru, babanta har yaba mini yake yi, wai na iya tarbiyya. Tana gaishe ni, tana wanke-wanke, duk abin da na ce sai ta ce to. Amma ba labarin makaranta, ba gardama, Lauya ta ajiye aiki. Na gwada ajiye littafi ɗaya a teburin falo ko za ta ɗauka. Ta goge teburin tas, ta kewaye shi, ko taɓa shi ba ta yi ba.

In na faɗa mata gaskiya za ta ce munafuka ce ni, kuma na karanta mata sirri ba izini. Babanta zai ce ina rusa abin da na gina. In na yi shiru, ina ganin haka za mu zauna har ta bar gidan. Wani lokaci ma tsoron kaina nake ji, ko 'yata nake nema ko ƙarshen labarin. Na rasa tudun dafawa.

Taki, Mai Keken Ɗinki

'Yar'uwa Mai Keke,

Bari mu fara da mai sauƙin. Babu dokar da ta hana mai shekara arba'in da uku karanta littafin matasa. Ki daina jingina wa yarinya, ki gaya wa mai littattafan naki ne, ki dai riƙa ajiye littafi kafin ki ɗauki rigar mutane.

Damuwarki a kan karatunta tana kan hanya. Rubuta labari ana tsakiyar darasi kuskure ne, kuma aikin uwa ne ta tsawata. Inda kika wuce gona da iri shi ne hukuncin. Littattafai shida ana samunsu a kasuwa, amma abin da kika jefa a wuta babu kwafinsa ko'ina. Wannan "to" da take ce miki kuma kada ki ɗauke shi ladabi. Yarinya ce ta gano abin da ya fi mata daraja ba shi da tsaro a gidansu, sai ta daina fito da komai.

Ki fara da maigidanki. Ki gaya masa gaskiyar abin da ya faru, sannan ki tambaye shi yaushe rabon da ya ji 'yarsa ta yi masa gardama. Ina kyautata zaton shi ma ya lura, bai dai faɗa ba.

Daga nan ki same ta ku biyu, ba a gaban kowa ba. Ki miƙa mata takardunta da littattafanta shida. Ki ce kin yi kuskure, ki ce kin karanta ba da izininta ba, ki nemi afuwa a kan duka biyun. Kada kalmar "amma" ta fito daga bakinki ranar. Zancen lissafi da tsara lokacin karatu ki bar shi sai wani makon, ku zauna ku tsara tare. Ki gaya mata ainihin wurin da labarin ya kama ki, domin yaro yana gane yabon lallashi tun daga nesa. Ki kuma tona asirin akwatin zaren. In ta yi miki dariya ki gode wa Allah, in ta kira ki da abin da kike tsoro ki haɗiye, tana da hujja.

Game da tsoron da kike ji na kanki, akwai hanyar gane amsar: kada ki tambaye ta ƙarshen labarin, yau ko gobe. In kin iya haƙura da shi, to 'yarki kike nema. Mai yiwuwa ta sake rubuta shi, mai yiwuwa ta fara wani, mai yiwuwa kuma ba za ki taɓa sanin abin da uwar nan ta ce ba. Wannan nata ne, ita za ta yanke. Naki shi ne ki je wurinta cikin makon nan, ko da ba ta ce miki uffan ba a karon farko, ki sake komawa.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya ba ki ƙarfin halin fara magana, Ya daidaita tsakaninku.

Antinku