Fuskar Baba a Ƙarƙashin Farar Ƙasa

Amsterdam, Yuni 1578

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yar'uwata Machteld da yaranta. Yaya ciwon gwiwar?

Abin da kika ji gaskiya ne. An sauke manyan gari 'yan Katolika, aka loda su a jirgin ruwa tare da limaman majami'a, aka jibge su bayan gari kamar buhunan albasa. Yanzu 'yan Furotesta ke mulki, har majami'armu ta koma hannunsu.

Kin tambayi zanen magina da ke bangonta, inda aka zana marigayi Baba cikin masu durƙuso. Yana nan, na tsaya a kansa. Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki,
Wouter

Amsterdam, Oktoba 1578

Inna,

Ina gaishe ki da kunya. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki haƙurin karanta wannan.

Sababbin shugabanni sun ce ba a ibada a gaban zane, a shafe bango da farar ƙasa. Gijsbert, shugaban magina, ya miƙo mini buroshi a gaban mutane yana dariya, ya ce, "To ɗan Katolika, hau tsani mu gani. Ko tsohonka zai ranƙwashe ka?"

Na hau, Inna. Tsoron a kore ni daga ƙungiyar magina ne ya hau da ni, ba komai ba.

Kin san farar ƙasa ba ta rufe abu tana ɗanya. Bayan shafin farko Baba yana nan yana kallona, har tabon nan na haɓarsa. Na san dabarar da ya koya mini: in an tsinka kwaɓin, aka tsaya a shafi ɗaya, wata rana ruwa zai wanke shi. Da na yi haka, babu mai ganewa sai an daɗe. Amma ana kallon hannuna, ni kuma ban so a ce ni, ɗan Evert magini, ban iya aiki ba. Na kwaɓa da kauri, na yi shafi uku, a tsaye, a kwance, a tsaye, yadda Baba ya saba.

Nan kaɗai fuskarsa ta rage a duniya, kuma nan kika ce za ki fara zuwa in kin dawo. Kada ki je. Jiya na duba bangon da rana tsaka, na kasa gane inda yake. Aikin ya yi kyau, Inna, ko Baba ba zai sami abin gyarawa ba.

Ki yafe mini in za ki iya.

Ɗanki,
Wouter