Na Ce Ta Kashe Duka, Ita Kuwa Ta Kashe

Malama, ki agaje ni, bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Gyaran tsofaffin kwamfutoci nake yi. Karatuna a aji biyu na sakandare ya ƙone, ko hayaƙi bai yi ba. Babbar 'yata kuwa injiniya ce, ta dawo shagona tana taya ni. Ita ke harhaɗa abin da take kira kanel, wai zuciyar manhajar da ke juya na'ura. Kafin a haɗa shi sai an zaɓi hanyoyin da kwamfuta za ta riƙa magana da kayan jikinta, waɗanne za su zo a kunne, waɗanne a kashe.

Wata rana ta tambaye ni ko akwai masu amfani da tsofaffin hanyoyin, da wasu sunaye kamar na allurar rigakafi. Ban gane ko ɗaya ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce ta kashe duk wani tsoho, har da ni. Ta yi dariya, ta kashe.

Muka sayar wa wani tela kwamfuta mai wannan kanel ɗin. Ashe kekensa na surfani da tsohon kebul mai faɗin baki yake haɗuwa da kwamfuta, hanyarsa kuwa tana cikin waɗanda aka kashe. Keke ya ƙi motsi, ɗinkin mutane ya kwana, tela ya zo yana kumfar baki. Ni kuma, gwanin raha, na ce masa ai abin da digiri ke haifarwa ke nan. Shago ya ɗauki dariya, ban da ita.

Tun ranar ba ta sake zuwa ba. Tana gaishe ni a gida kamar baƙon da ya daɗe. Mahaifiyarta ta ce wani kamfani na nemanta a wani gari. Kujerarta na nan, ni nake goge ta. Yaya zan yi?

Naki,
Uban Injiniya

Baban Injiniya, sannu da wannan damuwa.

'Yarka ma tana da nata kuskuren: injiniya ba ta ɗaukar barkwanci a matsayin amsa, kuma ya kamata ta gwada na'ura kafin ta fita. Amma kuskurenta na aiki ne, ana gyara shi a wuni guda. Naka ya fi nauyi, domin ka rufe kunyarka da mutuncinta.

Wannan karon ka ajiye raha a ƙofa. Ka faɗa mata ba ka fahimci tambayar ba. Sannan ka wanke ta a gaban telan, tunda a gabansa ka ɓata ta.

Ka zazzage kwalin tsofaffin kebul ɗinka a tebur. Kai ka san mai amfani da kowanne, ita ta san sunansa. Tambaye ta ko ana iya ajiye tsohuwar hanya a gefe, a kira ta in an buƙata, ba sai an kashe ba.

In duk da haka ta zaɓi tafiya, ka sa mata albarka, ta tafi don aiki ba don kai ba. Allah Ya daidaita ku, Ya dawo wa kujerar nan da mai ita.