Jan Takalmin da Ya Yi Kaɗan

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki da yara. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na iso lafiya, kwana biyu a mota, wuni guda a kwalekwale. Ruwan sama bai tsagaita ba, katifata har ta yi funfuna, amma kada ki damu, na saba. Ko jaka ban kwance ba aka kira ni asibiti karɓar haihuwa.

Hutun nan ya yi daɗi, gida cike, har tabarma ta yi mana kaɗan. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kin tuna zaren da na auna ƙafar 'yata da shi bara? Da shi na sayo mata jan takalmin nan, kin ga dai dunduniya ta ƙi shiga. Da na durƙusa in sake aunawa, sai ta janye ƙafa, ta ɓuya a bayanki tana cewa, "Mama, baƙuwar nan za ta kwana?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Ba laifinki ba ne. Riƙon da kike yi mata, Allah ya biya ki. Takalmin na taho da shi, yana kan tagata.

Don Allah ki auna mini ƙafarta da zare, ki sako cikin amsarki. Ki ƙara faɗin yatsa biyu, Yaya, tunda sai baɗi zan zo. Ba jirana take ba, girma take yi.

Taki,
Auta