Hannun da Ya Zuba Maganin

Litinin, 3 ga Maris
Yau muka zuba maganin kashe kifi a babban tafki, jarka goma sha huɗu. Oga ya ce baƙon kifin nan mai cinye ƙwan sauran ya yi yawa, sai an kashe komai kafin a zuba sabon iri. Safar hannuna ta yage tun a jarka ta uku. Ban faɗa wa kowa ba. Shekara sha tara ina wannan aiki a ofishin kula da kifi, ba yau farau ba.

Talata, 4 ga Maris
Ruwan ya yi fari fat da cikin kifi. Ba baƙon kaɗai ba, har tarwada da ƙarfasa. Matan ƙauye suna ta kwasa a kwanduna. Na ce wa wata tsohuwa, "Inna, don Allah kada ku ci." Ta ce, "Ɗan nan, ku kun kashe, mu kuma mu bar shi ya ruɓe?" Na nuna mata allon gargaɗin da muka kafa. Ta tambaye ni wa ya iya karanta shi. 

Alhamis, 6 ga Maris
Na koma ɗibar ruwan gwaji da yamma. Ko kwaɗo ɗaya ban ji ba. 

Asabar, 8 ga Maris
Kofin shayi ya yi ta kaɗawa a hannuna na dama har ya zube. Maman yara ta gani. Na ce sanyi ne. A wannan zafin!

Lahadi, 9 ga Maris
Na je duba Dogo, wanda ya koya mini aikin. Shekara uku ke nan da ya ajiye. Hannuwansa biyu rawa suke yi, 'yarsa ke ba shi abinci a baki. Har yanzu bai daina barkwanci ba: "Ƙanena, ni yanzu ba na neman cokali, na riƙe kofi sukari ya narke." Na yi dariya. Ya ce likita ya daɗe yana tambayarsa irin maganin da muke zubawa. Likitan bai ce maganin ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne.
Har na fito hannuna na cikin aljihu. Ina jin Dogo ya lura.

Laraba, 12 ga Maris
Surukar tsohuwar nan tana asibiti, amai ba ƙaƙƙautawa. Ga ta da tsohon ciki. Oga ya ce ruɓaɓɓen kifi ta ci, ba ruwanmu. Wataƙila. Ya Allah ka sa haka ne. Ni na riƙe bakin jarkar.

Jumma'a, 14 ga Maris
Hannun bai daina rawa ba. Dubi rubutun nan.

Litinin, 17 ga Maris
Yau ranar ƙaramin tafki. Na ce wa Oga ba zan shiga kwalekwale ba sai an zagaya ƙauyukan da lasifika, an kuma kawo sababbin safar hannu da abin rufe hanci. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ni ma ban san daga ina muryar ta fito ba. An ɗaga aikin.
Surukar ta farfaɗo. Cikin dai ba a sani ba tukuna.
Da safe maɓallin rigata ya gagare ni. Maman yara ta zo ta saka mini, ni kuma ban ture hannunta ba. Ta ce jibi za mu ga likita. Zan je. Don hankalinta ya kwanta ne kawai.